AWON LEDA, RAGA DA TAMFOL: YADDA MANOMI ZAI SAN ABIN DA ZAI SAYA



Kowace shekara in kaka ta gabato, ko in an shiga shirin noman rani, sai ka ga mutane na ta zuwa kasuwa sayen kayan da a kan sayar a naɗe. Akwai ledar shanya, akwai tamfol, akwai ragar waya ta shingen lambu da ɗakin kaji, akwai kuma ragar inuwa ta wurin renon iri. Kayan nan duka kuɗi ne, ba kuwa kaɗan ba. In ka sayo ya kasa, ka yi asarar kuɗin mota da yini guda. In ka sayo ya yi yawa, kuɗin taki ne ka naɗe ka jingine a zaure, gara da ɓera su yi ta ci.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wani manomi a ɗaya daga cikin ƙauyukan da na ke zagayawa ya so sayen ledar da zai shanya masara. Ya sa ɗansa ɗan makaranta ya auna masa filin shanya. Yaro ya sami tsawo ƙafa 36, faɗi ƙafa 20. Ya buga lissafi ya sami 720. Da ya tuna ƙafa 3 ke yin yadi ɗaya, sai ya raba 720 gida 3, ya ce, "Baba, yadi 240 za a saya." Da uban ya ji kuɗin yadi 240 a kasuwa sai ya haƙura, ya dawo ya baza masararsa a ƙasa. Ruwan ƙarshen damina ya sauko mata, ta kwashi yashi da danshi, wani sashi ya yi fumfuna. Da aka kai kasuwa sai da aka karya masa farashi. Alhali kuwa ledar da ta ishe shi ba ta kai yadi 50 ba.

Yaron bai yi kuskure wajen awo ba. Wajen juya lissafi ya kuskure, kuma manya da yawa na yin irin wannan kuskure. Wannan takarda za ta nuna yadda a ke yi daki daki. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa, ya riƙe sanda yana zanawa a ƙasa.

1. TSAWO DABAM, GIRMAN FILI DABAM

Awo iri biyu ne za mu yi magana a kansu.

Na farko awon tsawo. Shi ne in ka ja igiya daga nan zuwa can. Da inci, ƙafa, yadi, santimita ko mita a ke faɗinsa.

Na biyu awon girman fili, watau yawan ƙasar da abu zai rufe in an shimfiɗa shi. Wannan da murabba'i a ke faɗinsa. Murabba'i shi ne fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa duk ɗaya ne. Zana ɗaki a ƙasa, mita ɗaya nan, mita ɗaya can. Wannan ɗaki shi ne mita murabba'i ɗaya. In ƙafa ɗaya ne kowane gefe, ƙafa murabba'i ɗaya ke nan.

Ga ƙa'idar da duk darasin nan ya dogara a kanta:

Tsawo sau faɗi, shi ne girman fili.

Misali: tamfol mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Biyar sau huɗu, 20. Girmansa mita murabba'i 20. In ka ga dama ka zana a ƙasa ka ƙirga ɗakuna, za ka sami layi 4, kowane layi ɗaki 5.

LURA: Kada ka haɗa ma'auni biyu a lissafi ɗaya. In tsawo da mita ya ke, faɗi kuwa da inci ko ƙafa, tilas ka fara mai da su iri ɗaya tukuna, sa'an nan ka buga.

2. MA'AUNAN DA MU KE DA SU

Kasuwanninmu na aiki da ma'auni iri biyu. Inci da ƙafa da yadi da eka, daga Turawan Ingila mu ka gaje su. Santimita da mita da hekta kuwa su ne ma'aunin da Nijeriya ta koma kansa a shekarun 1970, cikin zamanin da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a ran 1 ga Janairu, 1973. 'Yan'uwanmu na Nijar da mita su ka saba tun zamanin Faransawa. Shi ya sa za ka ga an rubuta mita a jikin naɗi, mai shago kuwa yana yanka maka da yadi.

Ga yadda su ke:

Inci 12 su ne ƙafa 1.
Ƙafa 3 su ne yadi 1, watau inci 36.
Santimita 100 su ne mita 1.
Inci 1 ya yi santimita 2.54, watau biyu da rabi da ɗan ƙari.
Ƙafa 1 ta yi santimita 30.48.
Yadi 1 ya yi santimita 91.44.
Mita 1 ta yi ƙafa 3.28, watau yadi ɗaya da inci uku da 'yan kai.

Ka ga mita ta ɗara yadi. A kan yadi ɗaya bambancin ba shi da yawa, amma a kan ɗari ya kusa mita 9. Wanda ya biya kuɗin mita 100 aka auna masa yadi 100, mita 91 da rabi kawai ya samu.

Mun san akwai awonmu na gargajiya, kamar taƙi da kamu da gaba da taku. Suna da amfani wajen kintace. Amma gabar dogo ba ɗaya ta ke da gabar gajere ba. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. In ba ka da tef, ka ari na tela ko na birkila, ka yanki sanda miƙaƙƙiya daidai mita ɗaya, ka yi mata tsaga a rabi da kwata. Da ita za ka ƙulla igiya, ƙulli ɗaya kowace mita. Ka riƙa gwada igiyar da sandar lokaci lokaci, don igiya ta kan miƙe da aiki, danshi kuma ya kan sauya ta.

3. JUYA MURABBA'I DAGA WANI MA'AUNI ZUWA WANI

Nan ne yaron nan ya faɗi, don haka a natsu.

Zana yadi murabba'i ɗaya a ƙasa. Tsawonsa ƙafa 3, faɗinsa ƙafa 3. Yanzu tsaga shi ɗaki ɗaki, kowane ɗaki ƙafa ɗaya. Ƙirga. Ɗaki 9 za ka samu, ba 3 ba. Dalili kuwa shi ne tsawo ya ninku sau uku, faɗi ma ya ninku sau uku. Uku sau uku, tara.

Haka abin ya ke ga kowane ma'auni. Lambar da ka ke juya tsawo da ita, sai ka buga ta da kanta in za ka juya murabba'i.

Yadi murabba'i 1: 3 sau 3, ƙafa murabba'i 9.
Ƙafa murabba'i 1: 12 sau 12, inci murabba'i 144.
Mita murabba'i 1: 100 sau 100, santimita murabba'i 10,000.
Mita murabba'i 1: 3.28 sau 3.28, ƙafa murabba'i 10.76.
Yadi murabba'i 1 ya yi mita murabba'i 0.836.

In za ka tashi daga ƙaramin ma'auni zuwa babba, rabawa za ka yi. In daga babba zuwa ƙarami ne, ninkawa za ka yi.

Mu koma filin mutumin nan. Ƙafa murabba'i 720 ne. A raba gida 9, ya ba da yadi murabba'i 80. In mita a ke so, a raba 720 da 10.76, ya ba da kusan mita murabba'i 67.

Wanda ɗigo ke ba shi wuya, ga gajeriyar hanya ta kasuwa. Ƙafa murabba'i 11 kusan mita murabba'i 1 ne. Yadi murabba'i 6 kusan mita murabba'i 5 ne. In sayayya za ka yi, raba ƙafa murabba'i da 10 kawai. Amsar za ta ɗan haura gaskiya, rarar kuwa za ta yi maka amfani wajen haɗa baki.

4. GIRMAN ABIN DA KE CIKIN NAƊI

Naɗi, wanda wasu kan ce rol, ba kome ba ne sai doguwar shimfiɗa da aka nannaɗe. Faɗinsa shi ne tsayin naɗin in ka tsai da shi a ƙasa. Tsawonsa kuwa yana ɓoye ciki, sai an warware, ko a duba takardar da ke manne a jiki.

Misali na ɗaya: faɗi mita 2, tsawo mita 50. Girma mita murabba'i 100.

Misali na biyu: faɗi santimita 120, tsawo mita 30. A fara mai da santimita 120 mita, ya zama 1.2. Sai 1.2 sau 30, mita murabba'i 36.

Misali na uku: faɗi inci 48, tsawo yadi 25. Inci 48 ƙafa 4 ne. Yadi 25 ƙafa 75 ne. Huɗu sau 75, ƙafa murabba'i 300. A raba gida 9, yadi murabba'i 33 da sulusi.

Yanzu ga abu mai muhimmanci ƙwarai. In mai shago ya ce "yadi ɗaya kaza ne," tsawo kawai ya ke nufi. Bai yi maganar faɗi ba. Kamar atamfa ce. Kowa ya san turmi yadi 6 ne, amma wannan tsawonta ne kurum. Saboda haka yadi ɗaya na leda mai faɗin yadi 2 ya ninka yadi ɗaya na leda mai faɗin yadi 1. Kafin ka tambayi kuɗi, fara tambayar faɗi, ka kuma sa tef ka gani.

In ka san girman filinka, ka san faɗin naɗi, sai ka raba girma da faɗi, ka sami tsawon da za a yanka maka. Mutumin nan yadi murabba'i 80 ya ke bukata. Ledar kasuwarsu faɗinta yadi 2 ne. Tamanin a raba biyu, yadi 40. Da abin haɗa baki, bai kai 50 ba. Ina 50, ina 240?

LURA: Wata leda a ninke a ke naɗe ta, wata kuma kamar buhu ta ke marar gindi, sai an tsaga gefe ɗaya ta buɗe. Irin wannan faɗinta na gaskiya ya ninka wanda ka gani a naɗe. Mai faɗin mita 1 a ninke, mita 2 ce a buɗe. Ka tambaya ko faɗin da aka gaya maka na ninke ne ko na buɗe.

5. LEDAR SHANYA: ƘIRGA FALLE

Shanya a kan leda ko tamfol na hana hatsi kwasar yashi da tsakuwa da danshin ƙasa. In hadari ya taso kuma sai a tattara a rufe nan da nan. Masara da gyaɗa da su ka daɗe da danshi su kan kama fumfunar nan mai fid da dafin da a ke kira afulatoksin, mai lahani ga hantar mutum da ta dabba. Saboda haka ba ado ba ne sayen ledar shanya.

Yaya girman filin da za ka nema? Buhun masara tsaba mai kilo 100, in an baza shi kaurin santimita 5, watau kamar yatsa uku a jere, zai ci kusan mita murabba'i 3. Mai son shanya buhu 20 a lokaci ɗaya yana bukatar kusan mita murabba'i 60, da ɗan wurin da zai bari a gefe don kada hatsi ya zube ƙasa. A ce ya share fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 7, watau mita murabba'i 70.

Ledar da ya samu faɗinta mita 2. In ya raba 70 da 2 zai sami mita 35. Amma mita 35 ba za ta ishe shi ba. Dalili shi ne falle falle a ke shimfiɗawa, kuma tilas bakin wannan ya hau kan bakin wancan, in ba haka ba hatsi ya bi ta tsakani. A bar santimita 20 a kowace mahaɗa.

Ga yadda za a yi:

(a) In an shimfiɗa ta tsawo, kowane falle mita 10 ne. Falle 3 faɗinsu mita 6 ne tun ba a haɗa ba, sun kasa. Falle 4 mita 8 ne. Mahaɗa 3 sun ci santimita 60, saura mita 7.4, ya isa. Falle 4 sau mita 10, mita 40.

(b) In an shimfiɗa ta faɗi, kowane falle mita 7 ne. Falle 5 mita 10 ne cif, amma mahaɗa 4 za su ci santimita 80, sun kasa. Sai falle 6. Shida sau 7, mita 42.

Ka ga hanyar farko ta rage mita 2, ta kuma rage yawan mahaɗa. Kullum ka gwada hanya biyun a ƙasa kafin a sa reza. Abin da aka yanka ba ya komawa.

6. SHINGE: KEWAYE A KE AUNAWA

Wajen ragar waya ta shinge ba ruwanka da girman fili. Kewaye za ka auna, watau ka tara tsawon gefe huɗu.

Misali: lambu mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15. Girmansa mita murabba'i 300, amma kewayensa 20 da 15 da 20 da 15, mita 70. A ce naɗin raga mita 25 ne. Biyu sun ba da 50, sun kasa. Uku sun ba da 75. Rarar mita 5 ta isa haɗa baki da zagaye turaku da yin ƙyaure.

Faɗin naɗin raga shi ne tsayin shingenka. In za ka binne gindinta santimita 15 don kada kaji ko zomo su bi ta ƙasa, ka ɗebe wannan. Raga mai mita 1.2 za ta tsaya mita 1.05 a sama.

Ga wata dabara ga mai shirin yanka sabon lambu. Fili mai mita 20 da 20 girmansa mita murabba'i 400 ne, kewayensa mita 80. Fili mai mita 40 da 10 shi ma 400 ne, amma kewayensa mita 100. Ƙasa ɗaya, amfani ɗaya, amma siririn ya fi cin raga da mita 20. In wuri ya ba da hali, ka sa tsawo da faɗi su kusanci juna.

Don kusurwa ta fita daidai, ɗauki igiya mai mita 12 ka ƙulla bakinta biyu. Mutum uku su riƙe su ja, gefe ɗaya mita 3, ɗaya mita 4, ɗaya mita 5. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce daidai, irin ta ɗakin da gwanin magini ya gina.

7. SHIMFIƊA RAMI DA RUFE TARIN BUHUNA

Masu haƙa ramin tara ruwa ko na kiwon kifi su kan auna gindin rami kawai, su manta da bango. Leda kuwa sai ta gangara ta wannan bango, ta bi gindi, ta hau wancan bango, ta kuma fito waje a danne bakinta da ƙasa.

Ƙa'ida: tsawon rami, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara abin dannewa sau biyu. Haka kuma za a yi wa faɗi.

Misali: rami mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 1. Za a bar rabin mita a kowane baki.

Tsawo: 4 da 2 da 1, mita 7.
Faɗi: 3 da 2 da 1, mita 6.
Girma: 7 sau 6, mita murabba'i 42.

Gindin ramin mita murabba'i 12 ne kawai. Wanda ya sayi 12 bai sami ko sulusin bukatarsa ba. Kuma a nan ɗora baki kan baki ba ya tare ruwa. Ka nemi falle ɗaya mai faɗin da ya isa, ko a like maka mahaɗa da kyau. In ba a sami mai faɗi ba, gara ka fara sanin faɗin ledar da ke kasuwa, sa'an nan ka haƙa ramin daidai da ita.

Rufe tarin buhuna da tamfol shi ne ramin da aka kife. Tari mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, tsayin mita 1 da rabi, yana son tamfol mai 3 da 3, mita 6, da kuma 2 da 3, mita 5. Watau mita murabba'i 30. Kada a manta da ɗora buhunan bisa itace ko katako, don tamfol ruwan sama ya ke tarewa, ba danshin ƙasa ba.

8. SANIN SAURAN NAƊI BA TARE DA WARWAREWA BA

Wani lokaci za a yi maka tayin ragowar naɗi, ko kana da na bara a ɗaki kana son sanin ko zai isa. Ga hanya biyu.

Hanya ta farko, ƙirga zagaye. Ta dace da abu mai kauri, kamar raga da tamfol. Ka zagaya igiya a bayan naɗin ka auna. Ka auna kewayen zagayen can ciki, ko na kwalin da aka naɗe a kai. Ka tara su ka raba biyu. Sa'an nan ka duba bakin naɗin ka ƙirga zagaye nawa ne daga ciki zuwa waje, ta gefe ɗaya kawai. Ka buga.

Misali: na waje santimita 60, na ciki santimita 24. Jimla 84, rabi 42. Zagaye 50. To, 42 sau 50, santimita 2,100, watau mita 21. In faɗin mita 2 ne, mita murabba'i 42 ke nan. Dalilin raba biyun shi ne zagayen waje manya ne, na ciki ƙanana, sai a ɗauki matsakaici.

Hanya ta biyu, sikeli. Ta dace da leda marar kauri wadda ba a iya ƙirga zagayenta. Ka auna nauyin mita ɗaya a ƙaramin sikeli. Ka auna naɗin duka, ka ɗebe nauyin kwalin ciki. Ka raba babba da ƙarami.

Misali: mita ɗaya giram 460. Naɗi ban da kwali kilo 23, watau giram 23,000. A raba da 460, mita 50.

Sikeli na kuma tona asirin kauri. Naɗi biyu masu tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi kauri.

9. WANNE YA FI ARAHA?

Kada ka gwada kuɗin naɗi da kuɗin naɗi. Ka gwada kuɗin mita murabba'i ɗaya. Kuɗin da za mu sa nan na misali ne kawai, kai ka sa na kasuwarku.

Naɗi na farko: ƙafa 6 da ƙafa 100, naira 50,000.
Naɗi na biyu: mita 2 da mita 30, naira 52,000.

A ido na farko ya fi araha, ga lambobinsa manya. Mu lissafa. Shida sau 100, ƙafa murabba'i 600. A raba da 10.76, kusan mita murabba'i 56. Kowace mita murabba'i ta tashi kusan naira 900. Na biyu 2 sau 30, mita murabba'i 60. Kowace ta tashi kusan naira 870. Ashe na biyu ya fi araha.

Wannan gwaji na aiki ne in kaurinsu da ingancinsu ɗaya. Ledar da rana za ta ƙone cikin kaka guda ta fi tsada bisa wadda za ta yi kaka uku, ko da rabin kuɗi aka sayo ta. Araha ba ta ado.

10. EKA DA HEKTA

Lissafin nan bai tsaya kan leda ba. Shi ne dai na gona.

Hekta 1: mita 100 sau mita 100, mita murabba'i 10,000.
Eka 1: yadi murabba'i 4,840, ko ƙafa murabba'i 43,560, ko kusan mita murabba'i 4,047.
Hekta 1 ta yi eka 2.47, watau kusan biyu da rabi.
Fili mai yadi 70 kowane gefe ya ɗara eka ɗaya kaɗan.
Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ƙafa murabba'i 5,000 ne, kusan mita murabba'i 465. Irinsa 9 sun ɗan haura eka ɗaya.

Amfanin sanin wannan shi ne shawarar taki da iri da magani bisa hekta a kan ba da ita. A ce an rubuta kilo 200 ga hekta, lambunka kuwa mita murabba'i 300 ne. Ka buga 200 sau 300, ka raba da 10,000, kilo 6. Wanda ya ɗauka eka da hekta ɗaya ne, ya zuba na hekta a eka, ya zuba ninki biyu da rabi na abin da ya kamata.

GWADA KANKA

1. Naɗi mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 90. Yadi murabba'i nawa?
2. Leda a ninke biyu, faɗinta a ninke santimita 150, tsawo mita 20. Mita murabba'i nawa in an buɗe?
3. Lambu mai mita 25 da mita 12. Raga mita nawa za ta kewaye shi? Girmansa nawa?
4. Tarin buhuna mai tsawon mita 4, faɗin mita 2, tsayin mita 1 da rabi. Wane tamfol zai rufe shi har ƙasa?

Amsa: (1) Ƙafa murabba'i 360, a raba gida 9, yadi murabba'i 40. (2) Mita 3 sau 20, mita murabba'i 60. (3) Kewaye mita 74, girma mita murabba'i 300. (4) Mai mita 7 da mita 5, watau mita murabba'i 35.

KAFIN KA TAFI KASUWA

Auna wurin sau biyu, ka rubuta tsawo da faɗi da sunan ma'aunin.
Tafi da tef ko sandarka.
Tambayi faɗi kafin kuɗi, ka san ko a ninke ne.
Tabbata ko da yadi a ke yanka maka ko da mita.
Ƙirga falle, ka sa na haɗa baki.
Tsaya a auna a gabanka.

In maƙwabta uku ko huɗu za ku haɗa kuɗi ku sayi naɗi guda ku raba, ya kan fi sauƙi bisa sayen yanka yanka. Kowa ya zo da lissafinsa, a auna gaban kowa. Wanda lissafi ya rikice masa ya kawo awonsa wurin malamin gona na yankinsa ranar zagaye, a zauna a buga tare kafin ranar kasuwa.